Jar Tutar da Ba a Ɗaga Ba

Kumbiya-Kumbiya, Gombe
12 ga Nuwamba

Zuwa ga jikata Hikima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen da kike zaune a cikinsu. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa ce take ta ƙorafi. Kunnen hagu ya yi ritaya kamar mai shi, na dama ma yana shirin bin sa. Shi ya sa na ce ki daina kirana a waya, ba na jin komai sai iska. Ki rubuto kawai. Jibrilla direba yana hawa Mambila da kayan shago, ya sauko da ayaba da dankali. Shi zai kai, shi zai kawo.

Tun da Goggonki Fatimatu ta rasu gidan nan ya yi mini girma. Allah bai ba mu haihuwa ba, kin sani, kuma cikin jikokin marigayi yayana ke kaɗai ce kike tuna akwai wani tsoho a Gombe. Malam Elias, malamin firamaren da ke haya a ɗakunan waje, yakan leƙo da yamma. Matarsa Olivia tana aiko mini da tuwo, tana kuma yi mini faɗa in ban cinye ba.

An ce aikinki a kwarin Luggere shi ne gaya wa mutane daren da raɓa za ta daskare da ranar da wuta za ta iya tashi. Na yi dariya da na ji. Amarya, ashe gadon angonki kika ci! A can na yi aikin gandun daji zamanin jihar Gongola, na san wannan sanyin. Kamar ruwa yake. Idan sama ta washe, iska ta kwanta, sai ya gangaro daga kan tuddai ya taru a gindin kwari. Da safe ka ga ganye fari kamar an barbaɗa gishiri, kafin hantsi ya yi baƙi ya langaɓe. Mutumin da ke kan tudu ya kwana lafiya, na ƙasa ya wayi gari ba shi da gona.

A zamaninmu manoma kan tara ɗanyen ciyayi a gefen gona su kunna, hayaƙin ya kwanta a kan shuka kamar mayafi. Ban sani ba ko har yanzu suna yi. Idan suna yi, ki sa ido. Ciyawar da sanyi ya riga ya kashe ba ta da bambanci da auduga a wajen wuta.

To yaushe za ki zo? Ba matsa miki nake yi ba. Tambaya ce kawai.

Ni ne kakanki,
Abdulmumini

Luggere, Mambila
3 ga Disamba

Angona na kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, kunne kuwa na san halinsa, abin da ya ga dama yake ji. Ka gaishe mini da Malam Elias da Madam Olivia, Allah ya saka musu da alheri.

Har yanzu suna yin hayaƙin, kuma nan ne aikina yake. Ka ga abokan gaba biyu muke da su, amma ba sa zuwa dare ɗaya. Idan iska ta kwanta, sanyi ne zai ci dankalin rani da ke gindin kwari, to ranar a ba gona ruwa da yamma, a rufe da ciyawa, a yi hayaƙi. Idan kuwa iska za ta taso, raɓa ba za ta daskare ba, amma ƙwayar wuta ɗaya ta isa ta cinye gangare. Matsalar ita ce da yamma duka biyun kama ɗaya suke yi. Sama garau, ganye ko motsi. Ido ba ya rabewa. Sai saƙon hasashen iska da ofishinmu ke turo mini a waya bayan azahar, in haɗa shi da abin da ma'aunaina suka nuna a kwari da kan tudu.

A cikin kwarin babu sabis ko kaɗan. Sai an hau wani tudu da suka raɗa wa suna Tudun Waya. Kullum ina can da azahar kamar mai jiran saurayi. Idan na sauko sai in ɗaga tuta a sandar da ke ƙofar gidan Jauro, mai garin nan. Fara, a yi hayaƙi. Ja, ko sigari kada a kunna a waje.

Ba a yarda da ni da sauƙi ba. Baba Dennis, shugaban manoman dankali, ya ce mini, “'Yata, mu da muka tsufa a nan, tsumma ne zai gaya mana sanyi?” Ardo Aƙilu, wanda shanunsa ke cin ciyawar gangaren gabas, cewa ya yi shi bai damu da fara ba, jar kawai yake so, a ɗaga ta kullum har damina. Ka san yadda zaman manoma da makiyaya yake a nan, magana ɗaya tana iya zama wani abu. Amma bana tun da muka fara, fara ta ceci gonaki, ja kuma ba ta kunyata ni ba. Yanzu Baba Dennis da kansa yake ɗaura mini igiyar.

Batun zuwa, Kaka, ka yi haƙuri. Daga yanzu har ruwan farko ba ni da halin motsawa. Wannan ne tsakiyar aikin. Na san ban zo jana'izar Goggo ba, har yau abin yana damuna. Da ruwa ya sauka zan zo in yi maka wata guda, har ka gaji ka sake ni.

Amaryarka,
Hikima

Kumbiya-Kumbiya
26 ga Disamba

Hikima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni ga ni nan yadda Allah ya so.

Na ba Jibrilla ƙunshi ya kawo miki. A ciki akwai bargona mai kauri, wanda na saya a kasuwar Gembu shekarar da na auri Goggonki. Akwai ma'aunin sanyina na aiki, har yanzu yana da lafiya. Akwai agogona. Na ga gara in ba ki da hannuna tun ina iyawa, kada a zo ana tambayar na waye.

Idan na taɓa yi miki wani abu, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mini. Ni na yafe miki duniya da lahira. Ki roƙa mini gafarar mahaifiyarki idan kun yi waya.

Kada ki tayar da hankalinki. Ki yi aikinki. Ruwan farko ba nisa ga mai rai.

Haza wassalam,
Abdulmumini

Kumbiya-Kumbiya
14 ga Janairu

Jikata Hikima,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa lafiya. Jikina da sauƙi sosai, ina shan maganin da likita ya rubuta ranar da kika kai ni.

Ban san yadda zan gode miki ba. Da na ga kin shigo da jaka a kafaɗa, idonki jawur, kina tambayar Olivia “Yana ina? Yana ina?”, na ji kamar an mayar mini da shekara ashirin. Tafiyar yini biyu a mota saboda ni. Kin share ɗakin Goggonki, kin wanke labule, kin yi mini dambu irin nata. Olivia ta ce tun da take ba ta taɓa ganin na ƙara abinci ba sai ranar.

Amma tafiyarki ta tsaya mini a rai. Kin buɗe langar da kika sa wayarki a ciki, kin duba, na ga fuskarki ta sauya. Kin fita tsakar gida kina ta kira, kina kewaye bishiyar lemo. Na tambaye ki, kin ce ba komai. Gari na wayewa kika kama hanyar tasha, ko shayi ba ki sha ba.

Jibrilla ya dawo, na tare shi. Ya ce shi bai shiga Luggere ba, amma daga kan titi ya hango gangare ɗaya baƙi ƙirin. Ya ce ƙila ƙonan daji ne na kowace shekara. Na ce masa ƙila.

Ki rubuto mini, ko layi biyu ne.

Kakanki,
Abdulmumini

Luggere
2 ga Fabrairu

Kaka,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da jiki ya yi sauƙi. Ni ma lafiyata ƙalau. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ban san ta inda zan fara ba ne.

Da zan taho Gombe na bar aikin a hannun Baba Dennis. Muka shirya zai riƙa hawa Tudun Waya da la'asar, in kira shi in gaya masa tutar da zai ɗaga. Haka muka yi ta yi lafiya har ranar da na yi maka dambu. Ranar saƙon ofis ya shigo bayan azahar cewa iska mai ƙarfi za ta taso daga gabas kafin asuba. Ranar jar tuta ce. Ni kuwa wayata tana cikin langa. Baba Dennis ya hau tudu, ya jira, ya kira ni ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya sauko ya dubi sama, ya gan ta garau, babu iska. Ya ɗaga fara. Ko ni ce a wurin ba tare da saƙon ba, fara zan ɗaga.

Mutane suka yi abin da na koya musu. Suka kunna hayaƙi a bakin gonaki suka tafi suka kwanta. Iska ta zo. Raɓa ko daskarewa ba ta yi ba, Kaka, dankalin bai ma kasance cikin haɗari ba. Wutar ta haye gangaren gabas, inda sanyin Disamba ya riga ya busar da ciyawa. Duk ciyawar da Ardo Aƙilu yake tanadi don ƙarshen rani ta tafi. Maruƙansa da ke ɗaure a garke ba su tsira ba. Baba Dennis ya shiga kwance su, hannunsa na dama ya ƙone har gwiwar hannu. Allah ya sa ba a rasa ran mutum ba.

Da na iso na tarar da samarin ɓangarorin biyu ba sa gaisawa. Wasu na cewa da gangan manoma suka yi. Jauro ya tara mutane, na tashi na ce laifina ne, ni na bar aiki, ni na ƙi ɗaukar waya. Wata tsohuwa ta ce, “To ina kika je?” Na ce kakana ne yake kan gargara. Ardo ya ce, “Ya rasu?” Na ce a'a, Allah ya tashe shi. Ya ce, “To alhamdu lillahi.”

Tun ranar ban sake ɗaga tuta ba. Na kasa. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana nan, zan kai ofis ƙarshen wata. Wanda aka ba amanar wuta ya sa waya a langa bai kamata a sake ba shi ba.

Amma kada ka sa wa ranka damuwa. Ban yi nadamar zuwa ba. Da na buɗe ƙunshin nan na ga bargo da agogo, na ɗauka bankwana kake yi mini. Na ce Goggo ta tafi ban gan ta ba, ba za a maimaita ba. Da ka rasu ina nan ina kallon ma'auni, da ban yafe wa kaina ba har abada. Wannan kaɗai nake riƙewa in samu barci.

Jikarka,
Hikima

Kumbiya-Kumbiya
9 ga Fabrairu

Hikima,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau. Na rubuta wannan a farko ba don al'ada ba. Lafiyata ƙalau yanzu, kuma lafiyata ƙalau ranar da na ɗaure miki ƙunshin nan.

Kada ki kai takardar nan ofis sai kin gama karanta tawa.

Makon da na aiko miki da bargo, Elias ya raka ni asibiti. Likita ya auna ni ya ce jini ya ɗan hau, sauran duk tsufa ne, in rage gishiri. Na dawo gida na tarar da amsarki a kan tabarma inda na bar ta, wadda kika ce sai ruwan farko. Lokacin Kirsimeti ne, gidan su Elias cike da baƙi daga Kaltungo, yara na ta guje-guje, ana ta soye-soye. Sun aiko mini da shinkafa da kaza. Na zauna ni kaɗai da kwanon a gabana. Sai na tashi na ciro bargon.

Na san abin da nake yi. Ni ɗan ƙasar nan ne, na san abin da ake fahimta idan tsoho ya fara raba kayansa yana neman yafiya. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba, na zauna ne na zaɓi gaskiyar da za ta yi mini aikin ƙarya. Har da “ki yi aikinki” na sa, don in samu abin kare kaina. Kuma ni ba jahilin aikinki ba ne. Da wani tsoho ne sai a ce bai san me Janairu take nufi a Mambila ba. Ni na sani. Ni na rubuta miki da hannuna cewa ciyawar auduga ce.

Akwai abin da ya fi wannan. Kin tuna na ce miki, “Amarya, wajen angonki kika zo ko wajen wannan ƙarfen?” Kika yi dariya kika jefa wayar a langar Goggonki, kika rufe, kika ce, “Shi ke nan, na ɗaure kishiyarka.” Kika shiga madafa. Langar tana kan tabarma, jingine da ƙafata. Kunnena ba ya ji, amma ƙafata tana ji. Ta yi rawa bayan azahar. Ta sake yi da la'asar, ta yi ta yi, ta tsaya, ta sake. Ina hango ki ta ƙofa kina yanka zogale kina 'yar waƙa. Na ce a raina bari ta gama, in na kira ta yanzu za ta fita tsakar gida ta bar ni. Na janye ƙafata daga jikin langar don kada in ƙara ji.

Baba Dennis ne a kan tudu yake kira. Yanzu na sani. Amma ko a lokacin na san la'asar ce, na san wanda ke kira da la'asar.

Jiya na karanta wa Elias takardarki, na gaya masa duk wannan. Sai ya ce, “Bappa, ni na ɗaure maka ƙunshin nan da igiya. Na tambaye ka lafiya, ka ce sanyi ake yi a can.” Na ce haka ne. Ya ce, “To yanzu me kake so, in ce ba komai?” Na ce a'a. Ya ce, “Yarinyar nan tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Ka karɓi abinka.” Na ce idan na faɗa mata ba za ta sake rubuto mini ba. Ya ce, “Ƙila.” Ya miƙo mini biro. Yau Olivia ta aiko da tuwo kamar kullum, amma ba ta shigo ta yi mini faɗa ba.

Kin ce abu ɗaya kike riƙewa ki samu barci. Ga shi na ƙwace miki shi, na sani. Amma ba zan bari ki ajiye aikinki a kan gargarar da ba a yi ba. Ki kai wannan takarda gaban Jauro ki karanta. Ardo Aƙilu ya ji wanda ya kashe masa maruƙa, Baba Dennis ya ji wanda ya ƙona masa hannu. Ba manomi ba ne, ba makiyayi ba ne, wani tsohon ma'aikacin gandun daji ne a Gombe da ya so a yi masa dambu.

A wancan karon na nemi yafiyarki don ki zo. Yanzu ban san da wane baki zan nema ba.

Abdulmumini

Kumbiya-Kumbiya
6 ga Maris

Hikima,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina fata kina lafiya.

Jibrilla ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu. Ya sake hawa ya sauko, ya sake, ba komai. Na daina zuwa tasha tare shi, don yaran mota sun fara ba ni kujera tun daga nesa.

Ba amsa nake roƙo ba. Abu biyu kawai nake so in sani, ko ta bakin Jibrilla ne. Yaya hannun Baba Dennis? Kuma akwai tuta a kan sandar nan ko babu? A nan zafi ya fara. Na san a can yanzu sanyi ya ja baya, saura wuta, kuma wannan watan ya fi kowane.

Na wanke langar na mayar da ita ɗakin Goggonki.

Abdulmumini

Luggere
28 ga Maris

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya.

Hannun Baba Dennis ya warke, amma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake riƙe fartanya yanzu. Shanun Ardo sun sauka ƙasa neman ciyawa tun kafin lokacinsu, sun rame.

Ban karanta takardarka a gaban Jauro ba, kuma ba zan karanta ba. Kai ka kira, amma ni na tafi ban bar wata hanya ta biyu ba. Kai ka janye ƙafa, amma ni na rufe langar. Ba zan je in ce wa mutumin da hannunsa ya ƙone laifin wani tsoho ne da bai taɓa gani ba. Naka na wurinka, nawa na wurina.

Amma takardar ta yi aiki ɗaya. Da na gama karantawa fushi ya kama ni irin wanda ban taɓa yi ba. Na kasa zama a ɗaki, na fita na hau Tudun Waya ba tare da na yi niyya ba. Ina isa saƙo ya shigo, iska gobe. Na tsaya da wayar a hannu. Sai ga Ardo Aƙilu ya biyo ta wurin da sandarsa. Na gaishe shi na ce masa zan ajiye aiki. Ya dube ni ya ce, “Ke 'yar nan, idan kin tafi maruƙana za su tashi?” Na ce a'a. Ya ce, “To waɗanda suka rage fa, wa zai ɗaga musu ja? Dennis mai hannu ɗaya da rabi?” Na ce mutane ba za su ƙara yarda da ni ba. Ya ce, “Ni ban taɓa yarda da ke ba. Da tsumman na yarda. Sauka ki ɗaga.”

Na sauka na ɗaga. Ofis sun ba ni gargaɗi a rubuce, sun bar ni. Yanzu saƙon iska yana shiga waya uku, tawa da ta Baba Dennis da ta ƙanin Ardo, kuma su biyun tare suke hawa tudu. Ba hira suke yi ba, amma suna hawa.

Saura ni da kai. Bargon na yafe. Na san yadda gidan nan yake da yamma, na kwana a ciki. Langar ce ban gama da ita ba, kada ka tambaye ni yaushe. Abin da ya fi ci mini rai kuma ba wutar ba ce. Wata rana abin zai zama gaskiya, za a aiko mini, ni kuma zan tsaya ina tunanin ko dambu kake so. Wannan kai ka sa mini shi. Don haka daga yau duk takardar da ka ambaci jikinka a ciki, Malam Elias ya sa hannu a ƙasa. Idan babu hannunsa, ban gani ba.

Ga bargonka da agogonka na ba Jibrilla. Mai rai ba a cin gadonsa. Ma'aunin na riƙe, yana rataye a gindin kwari, kuma ya fi mai shi faɗin gaskiya.

Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Idan ruwa ya zauna zan zo kamar yadda na faɗa tun farko. Wayata a hannuna za ta kwana.

Amaryarka da ta yi yaji,
Hikima

Kumbiya-Kumbiya
4 ga Afrilu

Jikata Hikima,

Assalamu alaikum. Ƙunshi ya iso. Ana zafin da ko riga ba a so, amma na shimfiɗa bargon a kan gado.

Na karɓi sharaɗi. Ba zan tambayi yaushe ba.

Ki gaishe mini da Baba Dennis da Ardo Aƙilu, ko ba ki faɗa musu daga wa ba.

Batun jiki, gwiwa ce kawai, sai kunne.

Kakanki,
Abdulmumini

Na duba shi da idona. Gwiwa ce kawai. Ya kuma cinye tuwonsa.
Elias